Zauren Uwargida: Bado a Tsakar Gida

   

A cikin wasiƙun da suka taru mini a wannan wata akwai guda ɗaya da sai da na karanta ta har sau uku. Wata 'yar'uwa ce ta aiko daga Kano, ta ce in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Shekararta huɗu da aure, 'ya'yanta biyu, ƙaramin yanzu yake tatata. Maigidanta ya gama ginin gidansu da ƙyar da jiɓin goshi, sai ya sa birkila ya yi masa wani ɗan kwarmi na siminti a tsakar gida, wai wurin ruwa da furanni irin wanda ya taɓa gani a wani otal. Ita ma abin ya kwanta mata a rai ƙwarai. Sai ga matsala har biyu. Ta farko, mai sayar da furanni na bakin titi ya ce yana da wani furen ruwa na ƙasar waje, amma kuɗin da ya kira ya kusa kai na cefanen wata guda. Ta biyu kuwa ita ce mai zafin. Uwar mijinta ta zo ganin gida, tana shigowa ta tsaya a kan ramin nan ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan kuma kabarin wa kuka haƙa? Ku cike shi tun ina gidan nan." Tun daga ranar maigida ya shiga tsaka mai wuya, in ya cike ramin matarsa ta yi fushi, in ya bari mahaifiyarsa ta ce an raina ta. Shi ne 'yar'uwar tamu take tambayata, wai tsakaninta da Hajiya wa ke da gaskiya, kuma furen nan wane iri ne, ko ya cancanci kuɗinsa?

To 'yar'uwa, bari in fara da mai sauƙin. Furen nan da aka kira miki shi da sunan Turanci aka tsuga masa kuɗi, bado ne. Eh, bado dai da kika sani, na kududdufi, wanda kwaɗi ke hawa ganyensa suna raira mana waƙa da damina. Da na karanta yadda kika kwatanta shi, ganye faffaɗa kamar faifai kwance a kan ruwa, fure a tsakiya kamar an ajiye ƙwarya, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Haba! Abin da muka tashi muna tsinka muna jifan juna da shi?

Ni 'yar Damari ce, can gabashin ƙasar Birnin Gwari, a mazaɓar Kazage. Wanda bai san wurin ba abin da ya sani game da mu shi ne abin da yake ji a rediyo, daji da bindiga. Amma ƙasa ce ta noma da ruwa. Ruwan sama kan sauka tun wajen watan Mayu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, ga fadamu ga ƙoramu, ga kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a bayan gari. Da zarar an shiga Agusta sai ka ga ruwan nan da ke ja jawur ya kwanta ya yi garau, ganyen bado ya soma ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kafin kaka ya rufe kududdufi ruf. Babu wanda ya shuka, babu wanda ya yi masa ban ruwa. In rani ya yi ruwa ya janye, laka ta tsattsage, sai ka rantse ya mutu, ashe kansa na nan a ƙasa kamar ɗan gwaza yana jiran wata damina. Shekara da shekaru haka yake yi.

Iri biyu na sani a wajenmu. Akwai fari, mai ganye da baki kamar haƙoran zarto. Shi wannan ɗan dare ne, sai bayan magariba yake buɗewa, ya kwana a buɗe, in hantsi ya yi ya rufe abinsa. Akwai kuma mai shuɗi-shuɗi, ganyensa bai kai na farin girma ba, shi kuma da safe yake buɗewa, ya yi ta ƙamshi, kafin la'asar ya tsuke. Kowane fure kwana uku ko huɗu yake yi yana buɗewa yana rufewa, daga nan sai sandarsa ta lanƙwashe ta ja shi ƙarƙashin ruwa, a can ɗan yake nuna. In ya nuna ya fashe, 'ya'yan su taso su yi ta yawo a kan ruwa, daga bisani su nutse cikin laka. Kin ji yadda yake bazuwa daga wannan ruwa zuwa wancan.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, ita ta koya mini cin sa. Takan ce, "Ke kishiya, zo ki ɗanɗana abin da ya raya mijin naki." A ɓare ɗan, cikinsa cike da ƙananan 'ya'ya da ba su kai ƙwayar gero ba, ga yauƙi. Mu yara ɗanye muke ci. Manya kuwa sukan tara shi, a wanke, a shanya, a daka, a haɗa da ɗan garin dawa in hatsi ya yi ƙasa. Kan kuma a dafa ko a gasa a toka kamar makani. Ta ce a shekarun fari na 1973 da 1974 ba wanda ke wuce kududdufi ya bar bado a ciki. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Wani Bagirke mai rubuta tarihi, Hirodotus, sama da shekara 2,400 da suka wuce ya ba da labarin yadda mutanen Masar ke shanya cikin furen nan su daka su gasa gurasa da shi, su kuma ci kansa. Har yau a Sudan ta Kudu, da ambaliya ta cinye gonaki a wajen Bentiyu a 2021 da 2022, bado ne mata suka riƙa shiga ruwa har ƙirji suna tsinkowa don su rufa wa 'ya'yansu asiri.

Ga shi abincin talaka, ga shi kuma adon sarakuna. Da aka buɗe kabarin Fir'aunan nan Tutankamun a 1922 an tarar da furen bado mai shuɗi a cikin kayan da aka binne shi da su. Masu launin ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda da ake kawo mana yanzu a leda, yawancinsu jikokin waɗanda wani Bafaranshe mai suna Latur-Marliyak ya yi ta haɗa aurensu ne, har ya baje kolinsu a birnin Faris a 1889. Wani mai zane Kulod Mone ya gani ya kamu da so. A 1893 ya sayi fili a ƙauyen Jibarni, ya haƙa tafki ya zuba bado, ya kuma ƙare sauran rayuwarsa yana zana shi, zane wajen 250 kafin ya mutu a 1926. Ɗaya daga ciki an sayar da shi sama da dala miliyan 84 a 2018. Bado fa! Abin da ya fi ba ni dariya a labarinsa, manoman ƙauyen sai da suka tayar da ƙura a kan tafkin, wai baƙin tsirransa za su lalata ruwan da dabbobinsu ke sha. Kin ga ashe ba a kanki aka fara ba, kowane mai tafki da Hajiyarsa.

A nan kuma ina da ƙorafi a kan sana'ar tamu ta rubutu. Duba littattafan soyayyar da ke kasuwa, duk gidan Alhaji sai an ce an ƙawata shi da furanni 'yan ƙasar waje, yarinya na zaune a lambu kan farar kujera tana kurɓar lemo, saurayi ya tsinko jar fulawa ya miƙa mata. Ban taɓa cin karo da inda aka miƙa wa budurwa bado ba. Alhali in maganar soyayya ake, wane fure ya kai wanda ke yini a rufe, ba ya buɗewa sai lokacin da maigida ya dawo an shimfiɗa tabarma an zauna hira? Ni dai na sa shi a littafin da nake rubutawa yanzu, mai son ya ce ƙauyanci ne ya ce.

Amma ba don littafi na damu da bado ba. A watan Yuli na 2022 'yan bindiga suka matsa wa Damari har gari ya watse. Masara na tsaye a gona aka bar ta. Wasu suka yi Zariya, wasu Funtuwa, wasu Kaduna, wasu cikin Birnin Gwari, kowa da inda yake da dangi. Dazuzzukan da a da muke alfahari da su, irin su Kamuku da aka mayar gandun ƙasa a 1999, da Kuyambana, su ne suka zama abin da in an ambata gaba ke faɗuwa. Gwaggona tana cikin waɗanda suka fito, daga ita sai zanen jikinta da jikoki uku. Ta sami ɗaki ɗaya na haya a Zariya, gida mai mutum goma sha, tsakar gida duk siminti, ko tsinken ciyawa babu. Matar da ke da shuri da fadama da turken awaki ta koma sayen ruwa a jarka. Ba ta kuka a gaban mutane, sai dai ta daina magana, in kin gaishe ta ta amsa, shi ke nan.

Bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, ɗanta ya yi ƙundumbala ya je duba gonarsu da rani. Da ya dawo sai ya zazzage aljihu, ga wasu baƙaƙen dunƙulalle guda huɗu duk busasshiyar laka. Ya ce, "Inna, ɗaki ya zube, rumbu ma babu. Wannan kaɗai na samu in kawo miki, a kududdufin bayan gida na tono." Ta juya su a hannu ta daɗe ba ta ce komai ba. Kashegari ta aike ni wurin mai walda a yanka mata tsohon duro biyu. Wata biyu bayan nan, wani dare bayan isha'i, sai ga yaro da gudu wai Gwaggo na kira. Na tarar da ita tsugune da fitila a hannu, fure ɗaya ya buɗe fari fat a cikin rabin duro. Ta ce, "'Yar nan, kin ga mutumin garinmu ya iso." Tun daga lokacin matan Damari da ke unguwar suka mayar da gindin duron nan dandali. A zo a ga bado, daga nan a shiga lissafi, wance tana ina, wa ya koma, wa ya rasu, 'yar wa aka aurar a gudun hijira. Gwaggo ce ke jan hirar.

To daga wurinta na koyi abin da zan gaya miki yanzu, don ita ba ta karanta a littafi ba, kuma nata bai mutu ba.

Abu na farko rana. Bado ba ya son inuwa, yana bukatar rana ta buge shi kamar awa shida a yini. In kika ajiye shi ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro zai yi miki ganye ba fure, ga ganyen bishiya na zuba yana ruɓewa a ruwa. Sai mazubi. Ba dole sai kwarmin siminti ba, rabin duro ya isa, ko babbar kwatarniya, ko bahon roba mai zurfi. Duro mai cin lita 200 in aka raba shi biyu kowane rabi jarka huɗu yake sha. In na mai ne ko na wani sinadari, a ƙone cikinsa a wanke sosai. In kuwa sabon siminti ne irin naki, ki cika shi da ruwa ya kwana bakwai a zubar, a sake, don ƙarfin siminti na kashe tsiro da kifi.

Ƙasa ita ce inda mutane suka fi yin ɓarna. Kada ki sa baƙar ƙasar nan mai sauƙi da masu furanni ke sayarwa a buhu, tasowa za ta yi ta ɓata miki ruwa. Laka yake so mai nauyi, irin ta fadama ko jar ƙasar gini. Ki sami tsohuwar roba ko kwano mai faɗi, ki sa ɗan takin shanu wanda ya ruɓe ya huce a can ƙasa, kamar cikin tafin hannu biyu, ki rufe da laka. Ɗanyen taki ko kashin kaji kuwa a'a, ruwan zai yi wari ya koma kore shar. Ki dasa kan a tsakiya, tsininsa na kallon sama, kada ki binne tsinin, don ta nan yake tofowa. Ki bi saman da rairayi ko tsakuwa, sannan ki nutsar da kwanon a hankali. Da farko ki ɗora shi a kan bulo yadda ruwan da ke bisansa ba zai wuce taƙi ɗaya ba, in ganye ya yi ƙarfi ki janye bulon ya sauka zuwa kamu ɗaya ko fiye kaɗan.

Ruwan rijiya ko na sama ya fi. In na famfo ne mai warin magani, ki tara shi ya kwana biyu kafin ki zuba. Kuma bado ba ya son ruwa mai motsi, saboda haka in maigida na da niyyar sa injin nan mai feso ruwa sama, sai dai ya zaɓi ɗaya. A makon farko ko na biyu ruwan zai yi kore, kada hankalinki ya tashi ki kwashe ki zubar. Gansakuka ce, da ganye ya rufe rabin ruwan ya tare mata rana za ta ja da baya da kanta. Aikinki kawai ƙarin ruwa in ya ragu, musamman a zafin Maris da Afrilu, da tsinke ganyen da ya yi rawaya tun daga gindi. Da hunturu in kin ga ya yi lakwas ya daina fure, barci yake, ki bar shi.

Game da na ƙasar waje kuwa, ba zan ce kada ki saya ba, kuɗinki ne. Sai dai da yawansu an yi su ne don ƙasashen sanyi, namu kuwa ya san zafin Kano tun kaka da kakanni, kuma kyauta ne. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne wata baƙuwar kainuwa mai kumburarren gindi da fure ruwan shunayya, kyakkyawa da ita, masu furanni kan tura wa wanda bai sani ba. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, a 1984 ta shigo Nijeriya ta ruwan Badagiri, ta toshe hanyoyin jiragen ruwa ta hana masunta sakat. In ta shiga tafkinki cikin 'yan makonni za ta shaƙe badon, in kuma kika kwashe kika watsa a kwata ta gangara rafi kin ja wa gari. Ko kainuwarmu ta gida, da ake wa kirari da dashen Allah, in kin sa sai kin riƙa rage ta duk mako.

Yanzu sai maganar Hajiya. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri da abin da zan ce, na san ba shi kike son ji ba. Hajiya ta faɗi maganar da zafi, amma ba ta yi ƙarya ba. Kina da yaro mai tatata. Yaro irin wannan kansa na rinjayar jikinsa, in ya leƙa ruwa ya ga fure ya miƙa hannu, da ka yake tafiya. Ba sai ruwa mai zurfi ba, wanda bai kai taƙi ɗaya ba ya isa. Kuma ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa yadda ake nunawa a fim, shiru za ki ji, kina kicin kina juya miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun fi kowa shiga haɗarin nutsewa. Mu da muka tashi a bakin kududdufi ba sai an karanta mana ba, kusan kowace damina sai an yi makoki a wani gida. Wataƙila Hajiya ta taɓa ganin an fito da yaro daga ruwa, ke ba ki gani ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Saboda haka kafin ɗigon ruwa ya shiga ramin nan, a kira mai walda ya yi masa ragar ƙarfe mai ƙwari, wadda babban mutum zai taka ba ta lanƙwashe ba, a kafe ta da siminti ko a sa mata kwaɗo. Ganye da fure za su bi ta ramukan su fito, ba abin da zai rage musu. Waya irin ta kejin kaji ba ta isa ba. Rabin duro ma haka, na Gwaggo da murfin raga a kansa tun ranar farko, don gidan haya ne mai yara. In kuwa babu kuɗin ragar yanzu, ni a ganina ki bi maganar Hajiya, a cike ramin da ƙasa ki shuka na'ana'a da alayyafo da ɗan zogale, in yara sun yi wayo a kwashe ƙasar. Siminti ba ya gudu.

Na biyu sauro. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duk duniya a Nijeriya suke, ba ma bukatar ƙari daga tsakar gidanki. Sauron zazzaɓi ruwa mai tsabta wanda ke kwance a rana yake so, daga ƙwai zuwa mai fiffike kuwa kwana goma ya ishe shi. Maganinsa kifi. 'Yan ƙananan kifayen rafi irin waɗanda yara ke kamawa da ƙwarya, ko ƙananan kifayen ado, guda biyar ko shida sun isa rabin duro, su za su cinye tsutsar. Kada ki cika su da abinci, in sun ƙoshi ba za su yi aikin ba. Tarwaɗa ba ta dace ba, tone lakar za ta yi, babbar karfasa kuma ganyen za ta ci. Don Allah kada a zuba kalanzir ko fiya-fiya wai don sauro, kifi da bado duk za su tafi. Duk mako ki ɗebi ruwan a farin kofi ki duba, in kin ga 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil to kifinki sun mutu ko sun yi kaɗan.

Na uku shi ne wanda ko Hajiya ba ta ambata ba, tsargiya. Da muna yara in namiji ya soma fitsarin jini sai a yi ta yi masa dariya wai ya balaga. Ba balaga ba ce, cuta ce. Wata ƙaramar katantanwa ce ta ruwa ke ɗauke da ƙwayar, kuma babu inda take son maƙalewa kamar bayan ganyen bado. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayar ta shiga katantanwa ta girma, ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba maza kaɗai take kamawa ba, a jikin mace takan taɓa har mahaifa, ta jawo ciwon mara da zubar jini da wahalar samun ciki, a yi ta zargin kishiya a banza. Tana da magani, Praziquantel, ana raba shi a makarantu, akwai kuma a asibiti. To in za a samo miki bado daga kududdufi, kada a tura yaro ya shiga ruwa. Dabarar ɗan Gwaggo ita ce daidai, a bari sai rani ruwa ya ƙafe a tono kan a busasshiyar laka. A wanke shi tas, lakar kududdufin a bar ta can. In kuwa mai ganye aka kawo, ki sa safar hannu ta roba, ki juya kowane ganye ki cire katantanwa da ƙwanta mai kama da majina, ki ajiye shi a wani bokiti daban na mako biyu kina dubawa kafin ya shiga tafki. Kuma a kafa doka, ba wanka, ba wasa, ba fitsari a ruwan nan.

Saura yadda za ki ɓullo wa Hajiya. Kada ki tura maigida, in ya je da bakinsa za ta ce ke kika aiko shi, magana ta ƙara tsami. Ki shirya ki je da kanki da ɗan abin hannu, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Hajiya, maganar da kika yi ran nan na zauna na auna, na ga jikokinki kika duba. Mun kira mai walda zai rufe ramin da ƙarfe, amma ba za a zuba ruwa ba sai kin zo kin taka da ƙafarki kin ce ya yi." Daga nan ki tambaye ta ko ta san bado. Ina mai tabbatar miki ta sani, duk macen da ta tashi a cikin birnin Kano kafin a cike kududdufai a yi gine-gine a kansu ta san shi, wataƙila ma ta fi ni sanin yadda ake cin sa. Ki roƙe ta ta sa a samo miki irin daga wajen danginta na ƙauye. In ta ce duk da haka a cike, to a cike ɗin, ki nemi rabin duro da raga ki ajiye a bayan ɗakinki inda ake kullewa, in ya yi fure ki aika a ɗauko ta bayan magariba ta zo ta gani.

Ku kuma sauran 'yan'uwa, musamman na wajen Haɗeja da Nguru da Yawuri da ke zaune a bakin ruwa, ina son wadda ta san yadda ake sarrafa garin bado a garinsu, ko kunu ko tuwo ko wani abu daban, ta rubuto mini dalla-dalla da awo da komai. Gwaggo ta tara 'ya'yan da duronta ya ba ta bana, sun kusa cika gwangwanin madara, ta ce rabi na shuka ne, ba mai taɓa mata shi sai ranar da za ta koma Damari, rabin kuma ta yarda mu gwada a tukunya.